Ƙasar Bayan Ɗakin Kulu

Kun daɗe kuna jin ƙishin-ƙishin a cikin dangi cewa ni na tona wa Innarku Kulu asiri a gaban duniya. Babu wanda ya taɓa zaunar da ku ya ba ku labarin daga tushe, ni ma ban yi ba, don lokacin da abin ya faru kuna can makarantu da gidajen aurenku, kowa da abin da ya dame shi. Yanzu da gwiwa ta fara ƙi, ido ma yana neman ya bi sahu, gara in rubuta muku da hannuna kafin masu ƙarin gishiri su gama da shi. Ba neman a wanke ni nake yi ba. So nake ku san yadda aka yi, ku kuma san wace ce Kulu, don yawancinku shirunta kawai kuka sani.

Kulu ita ce autarmu, ni kuwa babba, har goyonta na yi. Ni karatu ya fitar da ni daga Tungar Kirya, na yi koyarwa nan da can har na ƙare a wata firamare a Gummi. Ita ta zauna gida, ta auri Sani, manomi mai haƙuri wanda bai iya musu ba. Tungarmu kun san ta, 'yar mitsitsiya ce a ƙasar Bukkuyum, sai ka bar hanyar Nasarawa Burkullu ka bi turbar shanu kafin ka hango rumbunanta. Da zinare ya bayyana a yankin, maza suka ajiye fartanya suka shiga ramuka. Dutsen da suka haƙo gida suke kawo shi, mata su daka a turmin da ake surfen gero, su shanya garin a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ba wanda ya san dutsen nan da gubar dalma yake tafe. Da yara suka fara mutuwa a Yargalma da Sunke, likitoci suka zo daga nesa, aka kankare ƙasar garuruwan aka zuba sabuwa, aka ba yara magani. Da masu tambaya suka biyo ta wajenmu, dattawan tunga suka ce lafiya lau, nan ba abin da ya faru. Tsoro suke kada a rufe ramuka, abinci ya yanke. A cikin wannan lafiya lau ɗin ne ɗan farin Kulu ya tafi, yana jariri, wanda aka sa wa sunan mahaifinmu Usmanu. Labari bai iske ni ba sai da aka kwana biyu. Na je na yi gaisuwa, aka ce an kai shi makwancinsa, ban tambayi ina ba, don ba a tambaya. Bayan 'yan shekaru rami ya rufta da Sani, ya bar ta da yarinya ɗaya, Safiya.

Ana nan sai wayar shafawa ta cika gari. Wani yaro da na koyar a aji biyu, Bello, wanda na sani da majina har leɓe amma yanzu injiniya ne a Kaduna, ya buɗe zaure a waya ya tara duk 'yan tunga da ke waje. Da direbobi, da 'yan kasuwa, da ɗalibai, har da ɗaya da ke karatu a ƙasar waje. Ni ma aka jefa ni ciki ba tare da an nemi izinina ba. Da farko haushin zauren nake ji, ba komai cikinsa sai barka da Juma'a da hotunan furanni da musun ƙwallo. Ina shirin fita ke nan sai Hadiza, 'yar tungarmu da ke aikin jinya a Anka, ta saka saƙon murya da ya kashe wa kowa baki. Ta ce ana kawo yara daga gida suna jijjiga, an auna jininsu an ga dalma, kuma Safiyar Kulu na cikinsu. Ta kuma yi bayanin ƙa'idar masu maganin: ba sa fara ba yaro magani sai an gyara gidan da zai koma, don in ya koma cikin ƙasar da ta sa masa ciwon, aikin banza aka yi.

Daga ranar na daina raina zauren nan, kuma har gobe ina sa musu albarka. Ɗalibin nan na ƙasar waje ya dinga rubuta wa masu agaji da Turanci har suka yarda su ba da aron na'urar auna ƙasa da mutum biyu da suka san aikin. Samarin tunga suka riƙa hawa wani suri a bayan gari, inda kaɗai ake samun sabis, suna tura hoton kowane gida. Bello ya harhaɗa hotunan ya zana taswirar tunga yana zaune a Kaduna, ya nuna inda za a kankare da inda za a binne tsohuwar ƙasa. Wani ɗan kasuwa ya ba da tifa, da sharaɗin za ta koma kafin ruwa ya sauka, don da damina turbarmu ko jaki sai ya yi tunani. Ni kuma aka ba ni aikin shiga gidaje, tunda maza ba sa shiga, in yi wa mata bayani, in ɗauko muryarsu in kai zaure. Na ɗauki hutu na tattara na koma gida. Aiki ya tafi kamar wasa, gida bayan gida, a kwashe jar ƙasar da ta sha guba a zuba mai tsabta, har aka zo kan gidan Kulu.

Ta bari aka yi tsakar gida, aka yi madafa, aka yi ƙofar ɗaki. Da ma'aikata suka zagaya bayan ɗakinta, inda na'ura ta fi yin kuka, don nan Sani ke jibge buhunan dutse, sai ta fito ta tsaya a gabansu da lulluɓinta. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta taɓa ɗagawa ba a rayuwarta.

"Nan ba a taɓa mini shi," in ji ta.

Aka yi juyin duniya ta faɗi dalili, ta ƙi. Mai gari ya aiko, ta ce a gaishe shi. A zaure kuwa magana ta tashi. Wani ya ce zinare ta binne a wurin, wani ya ce asiri ne, wani ya ce haka mutanen ƙauye suke, ana yi musu gata suna ƙi. Ba mugunta ce ta sa su faɗin haka ba, hoto suke gani, a hoton kuwa ba komai sai bango da ƙasa da 'yar bishiyar lalle. Ni kaina raina ya ɓaci, kun san ni ba a yi mini dogon numfashi ba. Na same ta tana tankaɗe, Safiya na kwance a gefenta a kan tabarma. Yarinyar nan da ta fara kiran sunan kowa ta koma ba ta cewa komai, in ta miƙe sai ta yi tangaɗi ta faɗi, abinci ba ya zama a cikinta.

"Kulu, mi ka damunki?" na ce. "Ɗiyarki ta kwance ga ta nan. Mutane sun bar aikinsu sun zo don ita, ke kin tsaya gardama bisa ƙasa? Ƙasa hwa!"

"Yaya, ku yi ko'ina. Ku tashe ɗakin ma in kuna so. Wurin ga ɗai nic ce."

"To mi ag ga wurin?"

Ta ci gaba da tankaɗenta. Na yi faɗa har na gaji, na kira ta mai taurin kai, na ce tun tana goye haka take, na tashi na bar ta.

Da yake a gidan nake kwana, sai na fara lura da abin da hoto ba ya ɗauka. Kowace safiya bayan ɗakin take fara sharewa kafin ƙofar ɗakinta, kuma da hannu take tsince ganye, ba ta sa tsintsiya mai ƙarfi. Ruwan wanke-wanke ko'ina tana watsawa ban da can. Akuya in ta nufi wurin sai ta bar abin da take yi ta koro ta. Lallen nan ya yi ganye shar, maƙwabciya ta aiko a tsinko mata na biki, Kulu ta ce a je gidan wance, nata bai yi ba. Wata safiya ta tafi rijiya, na zagaya na tsuguna. A gindin lallen na ga bakin fasassun tukwane a jere, ƙasa ta kusa rufe su, tsawonsu bai wuce kamu biyu ba. A tungarmu tun zamanin kakanni akan binne jariri a cikin gida, a rufe da tsingaro, amma an daɗe da bari, har ni na manta an taɓa yi. Na zauna a wurin ina kuka har ta dawo ta same ni da tulu a kanta.

Ta sauke tulun, ta zauna nesa kaɗan, ta juya mini gefe. Ku 'yan zamani kuna kiran 'ya'yanku na fari da suna gatsau, har ku ɗauke su a gaban surukai kuna yi musu rawa. Mu ba haka muka taso ba. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a nuna an damu da shi, ko ciwo yake sai dai kaka ta yi magana. Balle wannan da ke ɗauke da sunan mahaifinmu. Yana raye ba ta iya ambatonsa ba, ya mutu kuma aka ce a yi shiru kada baƙi su ji.

"Wancan na nan?" na tambaye ta a hankali.

Ta gyaɗa kai.

"Baban Safiya yas sa shi da hannunai," ta ce. "Dattawa sunka ce kada a hita da gawa, masu ƙirga na gari. Yaya, ko kuka ba a bari niy yi ba. Yanzu kuma a zo da shebur a kwashe shi a zuba mota tare da shara?"

"Ba mai kwashe shi. Bari in gaya musu, a san yadda za a yi."

Sai ta juyo, ta kama hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Kada ki hwaɗi. Don Allah, don darajar Inna. In kin hwaɗi, an ce baban Safiya ya ɓoye gawa don zinari, shi ko ba shi nan balle shi kare kainai. Kuma ni da wane ido za ni kallon mutane, ana zancen wancan bakin kowa?"

Ban yi mata alkawari ba, wannan ina so ku riƙe shi da kyau. Shiru na yi, ita kuma ta ɗauki shirun a matsayin yarda.

Na fara gwada hanyar da ba za ta taɓa ta ba. Na hau surin nan da hantsi, ni da ƙafafuna masu ciwo, na kira Bello shi kaɗai na gaya masa.

"Malama, wallahi ban sani ba," ya ce. "Amma ba ni iya canza tsari ni ɗai. Masu na'ura sai sun ji dalili kahin su sa hannu. Mutanen zaure kuma in sun ga an tsallake gida guda, cewa za su yi don ƙanwarki ta. Ga mai tifa yana ta kira, hadari ya hwara haɗuwa gabas. Mai gari ma ya ce in ba ta kauce ba, mata su riƙe ta a yi aikin."

Na sauko na zauna a gindin surin. Hanya uku ce a gabana. Ko a bar gidan yadda yake, Safiya ta rasa magani. Ko a riƙe Kulu a tone ɗanta tana kallo. Ko in buɗe bakina in ɓata da ƙanwata. Ban daɗe ina tunani ba, gaskiya. Na tuna yadda yarinyar ta kalle ni da safe tana motsa baki, kalma ta ƙi fita. Na sake hawa, na danna wayar na yi magana. Ban ambaci sunan Kulu ba, amma gida ɗaya ya rage a tunga, ko yaro ya san wa nake nufi. Na ce wurin da kuke cewa zinare ne, ɗa ne kwance. Na ce uwarsa ba za ta iya faɗi ba, kuma duk wanda aka haifa a Tungar Kirya ya san abin da ya hana ta. Na ce ku da kuka yi karatu, ku nemo mana yadda mai rai zai sha magani ba a tashi mamaci ba.

Wanda ya fara magana a zaure shi ne mutumin da ya ce zinare ta binne, yana neman gafara. Sai Hadiza ta shigo tana kuka, ta ce yanzu ta gane abin da ya sa matar yayanta ta kwanta ciwo tun ranar da aka kankare gidansu, ba ta ci ba ta sha. Ashe ba Kulu kaɗai ba ce. Akwai waɗanda suka tsaya suna kallo aka bi ta kan nasu da shebur, Allah ya sa kankarar ba ta yi zurfi ba, ba su ce uffan ba. Wani direba ya ce shi ma ƙanensa na bayan ɗakin Innarsu, bai taɓa gaya wa ko matarsa ba. Ranar nan mutanen tunga suka ƙirga 'ya'yansu da bakinsu, abin da suka ƙi yi wa baƙi shekarun baya.

Daga nan aka koma neman mafita, kuma kun san mutanenmu, sai da aka yi musu. Bello ya ce a zuba siminti a rufe wurin. Wani ustazu da ke Sakkwato ya ce ba a gini a kan kabari. Suka yi ta kai ruwa rana, wannan ya turo zane, wancan ya turo karatu, har na ce musu in ba su gama ba zan zo in ja kunnen kowa kamar yadda na saba. Aka kai wa limamin tunga wayar ya saurara, ɗalibin waje kuma ya tambayi masu agaji. A ƙarshe aka tsaya a kan cewa ba za a tona ba, ba kuma za a yi gini ba. Za a kankare kewaye, a ɗora sabuwar ƙasa mai kauri a kan wurin, a shimfiɗa faffaɗan duwatsu daga rafi, a ja 'yar katanga yadda yaro ba zai shiga ba, sannan a sake aunawa. Aka kuma sa doka cewa daga yau, duk inda zaure zai kai aiki, mace ce za ta fara shiga ta zauna da matan gida kafin shebur ya shiga.

Kafin in iso gida labari ya riga ni. Na tarar da mata cike da tsakar gida, sun zo yi wa Kulu gaisuwar da ba a yi mata ba a lokacinta. Tana zaune a tsakiyarsu kanta a ƙasa, kamar wadda aka tuɓe a kasuwa. Ta ɗago ta kalle ni sau ɗaya. Ban taɓa ganin irin kallon nan a idonta ba, kuma ba na fatan in sake gani. Daga ranar ta daina yi mini magana. Za ta ajiye mini tuwo a ƙofar ɗaki, ta kawo ruwan alwala, amma ko sannu. In na yi magana sai ta amsa wa bango. Abin ya ci ni ƙwarai, don ni na goye ta, kuma na san abin da na karya ba ƙarami ba ne. Duk da haka ko a lokacin ban yi da-na-sani ba, yanzu ma ban yi ba.

Ranar aikin ba ta hana ba. Ta tsaya daga nesa da Safiya a baya, tana kallo ana jera duwatsu. Ma'aikatan nan da suka saba da hayaniya da waƙa ba wanda ya yi tari, liman na gefe yana addu'a. Aka kawo na'ura aka auna ko'ina, ba ta yi kuka ba. Na ɗauki hoto na tura, zaure ya cika da hamdala daga Kaduna har ƙasar waje. Hadiza ta ce a kawo yarinya Anka, za a kwantar da ita tare da uwarta na wasu makonni. Tifa ta fita da yamma, yayyafin farko na bin ta.

Washegari da safe direban nan na zaure ya zo da motarsa ya tsaya a ƙofar gida. Ni ma na ɗaure kayana, niyyata su sauke ni a hanya in nemi motar Gummi, tunda hutuna ya ƙare kuma zamana ba daɗi yake mata ba. Kulu ta fito da Safiya a kafaɗa da ƙullin kaya a hannu. Ta kai bakin ƙofa ta tsaya. Ta waiwaya wajen bayan ɗakin, ta taka ɗaya ta dawo. Sai a lokacin na gane cewa tun ranar da aka sa yaron nan a ƙasa ba ta taɓa kwana a wani wuri ba. Bikin wasunku ma da ta ƙi kwana, na yi ta mita, ashe dalilin ke nan. Direba ya yi hon, Safiya ta motsa ta yi ɗan kuka. Kulu ta dubi jakata, sannan ta dubi ƙasa.

"Yaya," ta ce, muryarta can ciki. "Ki zamna mini da shi har in komo. Bai saba zama shi ɗai ba."

Na ajiye jakar. Na ce wa direba in ya samu sabis a hanya ya saka a zaure, wani ya je ya gaya wa hedimasta Malama ba za ta dawo yanzu ba. Kulu ta shiga mota ta rungume 'yarta, ba ta sake waiwayowa ba. Na tsaya har suka sha kwanar rumbuna, sannan na koma ciki na ɗauko tabarma, na zagaya bayan ɗakin na shimfiɗa.